Huɗu da Takwas

Ranar kasuwar Gujungu, bayan azahar,
Tanimu ya faka Golf ɗinsa a bakin rumfata,
ya ɗaga but, ya ce, "Sallau, zo ka gani."
Wufa biyu kwance a kan tsohon buhun riɗi.
Ɗaya sabuwa fil, da ledarta, daga Kano.
Ɗaya ta sha jiki, bakinta duk gam,
maganaɗisunta ya tara ƙusoshi
kamar kaska a kunnen sa.

Na ɗora musu mita. Mita ba ta san kara ba.
Sabuwar ta doshi om takwas, tsohuwar huɗu.
Na kifa amfilifaya na karanta cikinta:
kada a sauka ƙasa da huɗu.

Ya ce, "Kai dai haɗa, ja da ja, baƙi da baƙi.
So nake in na taso daga Ringim
mai shayi ya ji ni kafin ya gan ni."

Na ce, Tanimu, ka taɓa riƙe garma?
Ɗaura bijimi da maraƙi a karkiya guda,
ka waiwaya ka ga yadda kunyar za ta karkace.

In na jera su kafaɗa da kafaɗa,
wuta ruwan rani ce, faffaɗan lambatu take bi.
Huɗu ta kwankwaɗi kashi biyu, takwas ta lashi ɗaya,
lissafi ya zube zuwa biyu da 'yan kai,
amfilifaya ta yi ta ba da abin da ba ta da shi
har bayanta ya isa gasa gurasa,
sai ƙauri,
sai ka dawo kana cewa hannuna ne.

In kuwa na ɗaure su kai da wutsiya,
kamar raƙuma a hanyar Maigatari,
sha biyu ke nan.
Ba abin da zai ƙone,
amma sautin zai fito
kamar mai neman bashi a gaban surukinsa.

Ɗauki ɗaya, na ce. Sabuwar ta ishe ka.
Tsohuwar nan ko 'yan gwangwan sai sun yi tayi.

Bai tanka ba.
Ya sa yatsa yana shafa gam ɗin.
Can ya ce, "Ta motar Yaya Ilu ce.
Ita kaɗai muka ciro ba lanƙwasa."

Na san motar. Ni na ja mata waya, shekara shida ke nan.
Gam ɗin ma, da na duba, nawa ne.

Na sake ɗaukar amfilifaya, na kalle ta da kyau.
Baki biyu gare ta, da na yi niyyar game su.
Na fasa.
Kowace na ba ta bakinta, na ja mata wayarta,
na aiki yaro gun kafinta ya yanko katako
muka raba akwatin gida biyu,
don kada numfashin wannan ya ture na waccan.
Fis kusa da batir. Dalma a kowane gaɓa.
La'asar ta same ni a durƙushe, rabina a cikin but.

Ya murɗa makulli.
Kwanon rumfa ya amsa.
Awakin da ke ɗaure jikin turke suka ɗaga kai.
Tsohuwar ta fi ƙarfi, kamar yadda lissafi ya ce,
na kai sukundireba zan rage mata.
Ya riƙe min hannu.
"Bar ta. Dama ya fi ni murya."

Rabin kuɗin ya ba ni, sauran sai wata kasuwar.
Ban rubuta ba.
Kafin ya rufe but na leƙa,
ragowar riɗin da ya maƙale a kusurwa
yana ta tsalle shi kaɗai,
ƙwaya-ƙwaya.